Kundin Aikin Mayar da Wasan Yuliyas Kaisar Zuwa Hausa

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka yi zaman farko, mu goma sha ɗaya, a wani aji da wata makarantar firamare ta Unguwar Rimi a Kaduna ta ara mana, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi saboda iskar hunturu tana shigowa ta tagar da ba ta da murfi. Aikin da muka ɗaura wa niyya shi ne mayar da wasan kwaikwayon Wilyam Shekisfiya mai suna Yuliyas Kaisar zuwa Hausar da za a iya furtawa a kan dandamali, mai sauraro ya fahimta ko da bai taɓa riƙe littafin ba. Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa ajiye abin da muka yanke da dalilin yanke shi, kada gaba mu koma muna gardama a kan abin da muka riga muka wuce.

Na ba su asalin labarin a taƙaice. An kashe Kaisar a birnin Rum ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihissalam. Shekisfiya ya rubuta wasan a 1599, ya tsamo labarin daga tarihin manyan mutane da Fulutak ya rubuta da Girkanci, wanda aka fitar da Turancinsa a 1579, kuma ba a buga wasan ba sai a 1623, shekara bakwai bayan mutuwar marubucin. Kashi biyar ne, mai sunan kuwa yana faɗuwa tun farkon kashi na uku, saura duka magana ce take tafiyar da shi: wane ya ce wa wane me, a gaban wa, kuma me ya haɗiye bai faɗa ba.

Mun daidaita sunaye da harshenmu: Burutus, Kasiyas, Antoni, Foshiya, Kalfurniya, Desiyas. Guda ɗaya ne ya ba mu aiki, domin idan aka rubuta shi yadda ake furta shi sai ya zama Kaska, kuma shi ne mai fara daɓa wa Kaisar wuƙa. Ba ma son dariya ta ɓarke a inda ya kamata numfashi ya ɗauke, saboda haka muka mayar da shi Kasika. Mun kuma kafa doka guda: ba za a tabbatar da layi a takarda ba sai mutum biyu sun miƙe sun faɗe shi ga juna.

Asabar, 18 ga Janairu

Fitowa ta biyu a kashi na ɗaya, inda Kasiyas yake hure wa Burutus, aminin Kaisar, kunne, ita ta cinye mana wunin nan, kuma ta cancanci haka. Matashin da ke fitowa a Kasiyas, wanda tela ne a Kasuwar Barci, ya shigo da zafi yana nuna yatsa kamar mai yaƙin neman zaɓe. Na tsayar da shi muka koma ga rubutun, domin Kasiyas bai fara da zancen Kaisar ba ko kaɗan. Da ƙorafin zumunci ya fara, ya ce kwanan nan ba ya samun sakin fuskar da ya saba samu wurin Burutus. Wannan ƙorafi babu Bahaushen da bai san shi ba, shi ne “ka yi wuyar gani” da “ka guje mu”, maganar da ke sa mutumin kirki ya shiga ba da haƙuri tun bai san laifinsa ba. Daga nan ya tambayi Burutus ko yana iya ganin fuskar kansa, da Burutus ya ce ido ba ya ganin kansa, sai Kasiyas ya ce to shi zai zame masa madubi.

Ana cikin haka aka jiyo shewar jama'a daga nesa, Burutus ya yi suɓul da baka ya ce yana tsoron kada mutane su naɗa Kaisar sarki. Kafin ya rufe baki Kasiyas ya cafke kalmar. Mun rubuta wurin haka: “Au, tsoro kake ji? Ashe ke nan ba ka son a yi.” A ganina duk hikimar wasan tana cikin wannan ɗan layi. Kasiyas bai kawo wa Burutus wani tunani daga waje ba, jira ya yi har tunanin ya leƙo daga bakin mai shi, sannan ya tare ƙofa ya hana shi komawa. Haka ya sake yi da Burutus ya ce ya fi ƙaunar daraja fiye da yadda yake tsoron mutuwa: nan take ya ce ai daraja ce kan maganarsa.

Sai dai labarai biyun da ya biyo da su shi kansa suka tona. Ya ce sun taɓa yin gasar iyo da Kaisar a kogin Taiba, Kaisar ya gaji ya yi kururuwa a cece shi, shi ne ya fito da shi a kafaɗa. Ya ce a ƙasar Sifen zazzaɓi ya kama Kaisar, ya gan shi yana makyarkyata yana roƙon ruwan sha kamar yarinya marar lafiya. Na tambayi 'yan wasa su nuna mini inda aka ambaci zalunci ko haƙƙin talaka a labaran nan, suka duba babu. Abin da ke ci wa Kasiyas rai shi ne wanda ya tsamo daga ruwa jiya, yau shi yake rusuna wa. Da ya ga wannan bai isa ba, sai ya tuna wa Burutus kakansa na can baya wanda ya kori sarauta daga Rum. Wannan aikin maroƙa ne, mun san yadda “jikan wane” yake sa mutum ya yi kyautar da bai shirya ba, saboda haka muka ba wurin ɗanɗanon zuga, amma da murya ƙasa ƙasa.

Amsar Burutus gajeriya ce, ya ce zai yi tunani, kada a ƙara matsa masa. Mai fitowa a Burutus, malamin lissafi ne, ya ce mini: “Malam, ai mutumin nan ya riga ya faɗa, nauyin baki ne kawai ya hana shi amsawa.” Ban ce ya yi kuskure ba, na dai roƙe shi kada ya nuna hakan a fuska, ya bar masu kallo su gane da kansu lokacin da Kasiyas ya rage shi kaɗai yana shirya wasiƙun jabu da za a jefa ta tagar Burutus da sunan mutanen gari.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Makon jiya ba mu haɗu ba saboda ɗaurin auren ɗaya daga cikinmu a Kawo. Yau mun shiga kashi na biyu, inda Burutus yake zancen zuci a lambunsa cikin dare. Jimlarsa ta farko hukunci ce, cewa sai dai Kaisar ya mutu, sannan daga baya ya shiga neman dalili. Ya amsa da bakinsa cewa ba shi da wata ƙullalliya da Kaisar, bai kuma taɓa ganin son zuciya ya rinjayi hankalinsa ba, amma dai a ɗauke shi kamar ƙwan maciji, a fasa shi tun bai ƙyanƙyashe ba. Wani daga cikinmu ya ba da shawarar a juya jerin, dalilai su zo kafin hukunci, wai ya fi tsari. Na ƙi, domin rashin tsarin shi ne halin mutumin: alƙali ne da ya yanke shari'a kafin ya kira shaidu, kuma bai san ya yi hakan ba.

Da masu maƙarƙashiyar suka iso, sau uku Kasiyas yana kawo shawara Burutus yana rushe ta. Ya ce a yi rantsuwa, Burutus ya ce babu buƙata. Ya ce a jawo Sisero, wani dattijon majalisa, Burutus ya ce a bar shi. Ya ce a haɗa da Antoni, na hannun daman Kaisar, a kisan, Burutus ya ce su zama masu miƙa hadaya, kada su zama mahauta. An so a sa kalmar layya a nan, muka ƙi, domin ibada ce tamu, bai dace a jingina ta da kisan mutum ba. Abin lura shi ne mutumin da ya cika fitowa ta biyu da zance yanzu amsarsa ba ta wuce 'yan kalmomi. Ya nemo Burutus don ya yi amfani da sunansa, sai sunan ya fi ƙarfinsa.

Ƙarshen fitowar akwai Ligariyas, wanda ya taso daga jinya da ɗaurin kai. Mun ba shi wannan layi: “Sa ƙafa in bi ka. Ban san abin da za mu yi ba, amma tunda kai ne a gaba, ya ishe ni.” Na daɗe ina juya maganar nan a raina bayan mun tashi, domin biyayya ce ta gaskiya, kuma irinta ce take ba ni tsoro.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau ranar Foshiya ce, kuma matan ƙungiyar ne suka warware mana matsalar. A rubutun asali tana kiran mijinta da sunansa tun daga shigowarta. Hajiyar da ke taimaka mana da sutura, wadda ta haife mu duka in ban da ni, ta ce: “Malam, macen da ke kiran sunan mijinta gatsau tun farko, mutanenmu ba za su saurari kukanta ba, za su tsaya ne a kan rashin kunyarta.” Muka yarda cewa za ta riƙa cewa “maigida” har zuwa inda maganar ta kai maƙura.

Hanyar lallashinta ba irin ta Kasiyas ba ce, domin ita babu abin da take ɓoyewa. Ta lissafa abin da idonta ya gani: ya tashi daga cin abinci ba zato, yana kai da kawowa yana huci, ta tambaye shi ya yi mata kallon banza, ya buga ƙafa a ƙasa, ya kore ta da hannu. Ya ce ba shi da lafiya, ta ce marar lafiya ba ya fitowa cikin raɓar asuba ba mayafi. Ta durƙusa, ya ce ta tashi, ta ce da ya riƙe ta yadda ya kamata da ba ta buƙaci durƙuso ba. Sannan ta kawo hujjar da ba shi da amsarta, cewa idan matsayinta bai wuce ta ci abinci da shi ta kwana a ɗakinsa ba, to ita ba matar aure ba ce, dadiro ce. A nan muka sa ta kira sunansa, sau ɗaya tak. Da 'yar wasan ta gwada, ta ce “Burutus” a hankali, ajin ya yi tsit, na ga mai fitowa a Burutus ya sunkuyar da kai ba tare da an ce ya yi ba.

Raunin da ta yi wa kanta a cinya don ta nuna cewa ita 'yar Kato, babban mutum a Rum, za ta iya riƙe sirri, mun bar shi a baki kawai, ba za a nuna komai ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kaisar yana yawan kiran sunan kansa maimakon ya ce “ni”. An ba da shawarar mu sa masa “mun” irin na sarakuna, amma na ga hakan zai ba shi sarautar da wasan yake cewa bai samu ba tukuna. Mutumin da ke kiran sunansa da bakinsa a wurinmu kirari yake yi, kamar ɗan dambe a fage, kuma haka muka bar shi.

Fitowar da ke gidansa da safiyar kisan ita ce ta fi nuna amfanin wannan. Matarsa Kalfurniya ta yi mafarkin gunkinsa yana tsiyayar da jini, ta durƙusa ta roƙe shi, ya sauko daga kirarin ya ce saboda ita zai zauna a gida. Desiyas, ɗaya daga cikin masu maƙarƙashiyar, yana shigowa sai Kaisar ya koma kan dokinsa: a gaya wa majalisar dattawa ba zai zo ba, kada a ce ba zai iya ba, kada a ce tsoro yake ji, ganin damarsa ne kawai. Amma nan da nan ya kwance wa Desiyas zancen mafarkin, wai don yana ƙaunarsa, ya miƙa masa igiyar da za a ja shi da ita. Desiyas ya fassara mafarkin da cewa Rum ce za ta sha rayuwa daga jikinsa, ya ƙara da cewa yau majalisa ta shirya ba shi kambi, in bai je ba suna iya sake shawara, sannan ya soka masa inda ya san yana ciwo: kada wani ya yi ba'a ya ce a ɗage zama sai ranar da matar Kaisar ta yi mafarki mai kyau. Tun a daren jiya Desiyas ya gaya wa abokansa sirrinsa, cewa idan ya ce wa Kaisar ba ya son fadanci sai ya amsa, alhali a lokacin ne fadancin ya fi kama shi.

Desiyas bafade ne, kuma mun cika masa baki da “ranka ya daɗe”. Na ƙirga sau shida a rubutunmu, daga bakin mutumin da ya san ran nan ba zai kai azahar ba. Kalfurniya kuwa, wadda ita kaɗai ta faɗi gaskiya a ɗakin, daga lokacin da Desiyas ya fara fassara ba ta sake cewa uffan ba. Na ce wa 'yar wasan ta tsaya inda kowa zai gan ta har a fita.

Za mu dakatar da gwaji sai bayan Sallah.

Asabar, 15 ga Maris

Sha biyar ga azumi, kuma ranar da aka kashe Kaisar. Ni kaɗai nake aiki kwanakin nan, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, a kan jawabai biyu na wurin makoki.

Jawabin Burutus a zube yake, na Antoni kuwa a waƙe, waƙa mai kari marar amsa-amo. Na Burutus bai ba ni wahala ba, domin ginin lauya ne, kowace jimla da kishiyarta: Kaisar ya ƙaunace ni, na yi masa kuka, jarumi ne, na girmama shi, ya yi kwaɗayin mulki, na kashe shi. Amma da na nemi hujja guda da ya kawo a kan kwaɗayin mulkin, ban samu ba. Jarinsa duka shi ne a yarda da shi saboda shi ne. Tambayoyinsa ma ba masu amsuwa ba ne, domin wa zai ɗaga hannu a taro ya ce shi ne yake son zama bawa? Jama'a suka yi masa shewa, har wani ya ce a naɗa shi ya zama Kaisar, wanda ke nuna ba su fahimci ko kalma ɗaya daga dalilinsa ba. Shi kuma bai tanka wannan ba, ya roƙe su su tsaya su saurari Antoni, ya tafi gida shi kaɗai.

Kwana huɗu na yi a kan kalma guda ta jawabin Antoni, wadda yake maimaitawa game da Burutus har sau huɗu a zangon farko. Dole ta kasance kalmar da za a faɗa da farko a ji yabo ne tsantsa, a faɗa ta huɗu a ji ta koma gugar zana, ba tare da an sauya harafi ba. Matasa sun so “Onarabul”, amma wannan tun faɗar farko za a ji habaicin, alhali Antoni yana tsaye ne a gaban taron da zai iya jifansa idan ya taɓa Burutus da wuri. “Mai martaba” ta sarakuna ce. “Dattijo” ta yi kusa, sai dai jam'inta yana karo da majalisar dattawa. “Mutumin kirki” ta yi laushi. Na tsaya a kan “mai mutunci”, domin tana da tushen da zai ratsa wasan duka: Burutus ya ce a yarda da shi saboda mutuncinsa, Antoni ya karɓi kalmar daga bakinsa yana juya ta, har wani cikin taro ya yi ihu ya ce “Maciya amana dai! Wai masu mutunci!” Wannan ya tilasta mini komawa aikin 18 ga Janairu in cire “daraja” in sa “mutunci”, don a ji cewa da kalmar da Kasiyas ya kama Burutus, da ita Antoni ya kayar da shi.

Antoni abubuwan da ido ke gani yake kawowa. Kuɗin fansar fursunonin yaƙi da suka cika baitulmali, hawayen Kaisar idan talaka ya koka, kambin da aka miƙa masa sau uku a gaban kowa ya ƙi karɓa. Ya tsaya ya yi kuka, ya ba su sarari su yi magana da juna. Ya ɗaga wasiyya ya ce ba zai karanta ba, har sai da suka roƙe shi. Ya nemi izininsu kafin ya sauko daga mumbari, ya tara su kewaye da gawa, ya ɗauki alkyabbar Kaisar yana nuna huda ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunan wanda ya yi ta. A nan na ajiye alƙalami na koma baya na duba: lokacin da ake sukar Kaisar an janye Antoni waje, bai ga wanda ya soki ina ba. Ƙirƙira yake yi, kuma babu wanda ya tambaye shi. Sai da suka harzuƙa sannan ya karanta wasiyyar, dirhami 75 ga kowane ɗan gari da lambunan Kaisar na bakin kogi.

Ba na son ɗan wasanmu ya mayar da Antoni maƙaryaci zalla. Lokacin da ya rage shi kaɗai da gawar, babu mai jin sa, baƙin cikinsa na gaske ne. Yana ƙaunar Kaisar, yana kuma amfani da gawarsa, kuma a farkon kashi na huɗu shi ne mai neman hanyar rage abin da wasiyyar ta ba mutane. Dole a ga duka ukun a jikin mutum ɗaya.

Asabar, 5 ga Afrilu

Mun dawo bayan Sallah, muka fita filin makarantar saboda zafi, yaran unguwa da wasu masu wucewa suka taru suka zame mana jama'ar Rum ba tare da mun gayyace su ba. “Mai mutunci” ta yi aikinta. A faɗa ta uku na ji wani dattijo mai sayar da rake a bakin ƙofa ya ce “Uhm”, a ta huɗu kuwa ya girgiza kai.

Abin da ya tsayar da mu shi ne gajeriyar fitowar da ke biye, inda taron da Antoni ya zuga ya tare wani mawaƙi mai suna Sinna, wanda sunansa ya zo ɗaya da na wani cikin masu kisan. Tambayoyi suke jero masa: mene ne sunanka, ina za ka, ina kake zaune, kana da aure ko babu. Ya faɗi sunansa, suka ce a yayyaga shi. Ya ce shi mawaƙi ne, suka ce to a yayyaga shi saboda munanan waƙoƙinsa, wani ya ce ba kome, sunansa dai Sinna. Muna gama karantawa babu wanda ya yi magana. A garin nan ba sai an yi wa kowa bayanin abin da ake nufi da a tare mutum a hanya a tambaye shi sunansa ba. Waɗanda suka ga rikicin shekarar 2000 da na 2011 suna cikinmu, daga Rigasa da Tudun Wada har Barnawa da Sabon Tasha. Biyu daga cikinmu suka ce a cire fitowar, kada a fama wa mutane ciwo. Wanda zai fito a Sinna, wanda ke zuwa daga ƙetaren gada kowace Asabar, ya ce: “Malam, idan aka cire wannan, mutane za su tafi gida suna yabon iya maganar Antoni, ba su ga abin da ta haifa ba.” Mun bar ta. Mun yanke cewa za a yi ta ba kiɗa, ba ihu mai yawa, tambayoyin su fito ɗaya bayan ɗaya a sanyaye.

Asabar, 19 ga Afrilu

Rigimar Burutus da Kasiyas a cikin tanti a Sardis. Surukai ne, Kasiyas yana auren 'yar'uwar Burutus, kuma suna kiran juna ɗan'uwa, saboda haka muka bar su a kan “kai” da “kai” ba wani sakaye. Burutus ya hukunta wani mutumin Kasiyas saboda cin hanci, ya ce shi ma Kasiyas hannunsa yana ƙaiƙayi. Amma a cikin numfashi guda yana cewa shi ba zai iya tatsar talakawa ba, yana kuma ƙorafin Kasiyas ya hana shi zinariyar biyan sojoji, ba tare da ya tambayi kansa daga ina zinariyar take fitowa ba.

Kasiyas ne ya ba ni mamaki. Mutumin da ya shirya wasiƙun jabu yanzu shi ne yake cewa aboki ya kamata ya jure raunin abokinsa, ya zare wuƙarsa ya miƙa, ya ce ko a ranar da Burutus ya fi ƙin Kaisar ya fi ƙaunarsa a kan yadda ya taɓa ƙaunar Kasiyas. Telanmu ya faɗi layin nan muryarsa tana rawa, na gane cewa ƙorafin “ka guje mu” na farkon wasa ba dabara ce kawai ba, akwai gaskiya a ƙarƙashinta. Bayan sun shirya ne Burutus ya ce Foshiya ta mutu, cikin kalmomi ƙalilan, kuma na hana a ƙara masa ko ɗaya. Daga nan suka yi shawarar yaƙi, Kasiyas ya ce a jira abokan gaba su zo, Burutus ya ce a tafi Filibi, Kasiyas ya sake sakar masa.

Asabar, 3 ga Mayu

An yi ruwa da daddare, ajin ya yi sanyi, muka karanta kashi na biyar daga farko har ƙarshe. Yaƙin Filibi a shekara ta 42 aka yi shi, shekara biyu bayan kisan. Mun tattauna batun kashe kai da Kasiyas da Burutus suka yi, muka amince mai gabatarwa zai faɗa tun farko cewa al'adar Rumawan wancan zamani ce, kuma ba za mu ƙawata ta ba.

Abin da na lura da shi a wannan kashi shi ne ƙananan mutanen da ke kewaye da manyan, da ƙarancin maganarsu. Titiniyas ya dawo ya tarar Kasiyas ya mutu a kan kuskuren rahoto, ya ɗora masa kambin nasarar da aka aiko masa da shi. Lusiliyas ya ce shi ne Burutus don a kama shi a bar ubangidansa, har Antoni ya ce ya fi son irin waɗannan su zama abokansa da su zama abokan gabansa. Mutum uku Burutus ya roƙa su taimaka masa ya mutu, kowanne ya ƙi da jimla guda. Shi kuma ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa samun wanda ya ci amanarsa ba, alhali mu masu kallo mun san wanda ya rubuta wasiƙun da aka jefo masa ta taga. Har ya mutu bai sani ba, kuma na roƙi malamin lissafi ya faɗi layin da zuciya ɗaya, yadda mai shi ya yarda da shi.

Saura aiki uku: rage tsawon wasan ya dawo awa biyu, ɗinka alkyabbar Kaisar da hudojinta, da karatun gaba ɗaya ranar Asabar mai zuwa. Akwai kuma layi ɗaya da ban rufe ba. Sitirato, wanda ya yarda ya riƙe takobin da Burutus zai faɗa a kansa, ya ce Burutus ya fara ba shi hannu, sannan ya yi masa sallama da kalmar girmamawa. Da na rubuta “ranka ya daɗe” sai na ga ba za ta yiwu ba, domin mun riga mun ba Desiyas ita, kuma yaron nan ba zai yi wa ubangidansa addu'ar da ya san ba haka za a yi ba. Ɗan wasan, wanda shi ne ƙaraminmu, ya gwada “Ba ni hannunka tukuna. Sauka lafiya, maigida.” Hajiya ta ce “maigida” ta Foshiya ce, a bar mata. Na rubuta “ubangidana” da fensir a gefen takarda, za mu ji yadda za ta fito a bakinsa ranar Asabar.